MALEJI NA KARANTA MIL, DOKA NA FAƊIN KILOMITA

A ƙarshen hutun da ya wuce, mu huɗu 'yan wannan jami'a muka haɗu a tashar motar Yawuri za mu komo makaranta, biyu daga Warra, ɗaya daga Ngaski, ɗaya daga Shanga. Motar da ke kan layi Sienna ce, irin waɗanda ake sayowa daga Amurka bayan sun sha jiki a can. Aka cika ta, aka ɗaura kwalayen busasshen kifi a baya, muka kama hanyar Kwantagora. Ba mu yi nisa ba sai itatuwan gefen titi suka fara wucewa kamar ana fizgarsu. Wani dattijo da ke kujerar gaba ya gyara zama ya ce, "Direba, a yi mana sannu, akwai mata da yara a baya." Direba ya yi murmushi, ya nuna maleji da yatsa ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Dubi allura, a kan tamanin take, tamanin ɗin kuwa ita doka ta ce."

Ɗaya daga cikinmu ya leƙa ta kafaɗarsa. Lalle allura na kan 80, amma fa manyan lambobin da direban ke karantawa na mil ne. A can ciki akwai wata da'ira ta ƙananan lambobi waɗanda ƙura ta kusa binnewa, a nan kuwa allurar ta kusa taɓa 130. Ya ce, "Maigida, wannan tamanin ɗin ta Amurka ce. A lissafin ƙasar nan gudun kilomita ɗari da talatin muke yi." Direba ya dube shi ta madubi ya ce, "Kai ɗan boko, tamanin ai tamanin ce ko a birnin Sin." Fasinjoji suka bushe da dariya. Allah ya sauke mu lafiya, amma har yau maganar tana ci mana rai.

Ba mu kawo wannan labari don a yi wa direban dariya ba. Mutumin ya san akwai doka, ya san adadin da ta yanka, ya kuma yi niyyar bin ta, abin da ba kowane direba ke yi ba. Abin da ya yaudare shi kuwa shi ne motarsa na magana da wani ma'auni, dokar ƙasarsa na magana da wani, kuma tun daga ranar da aka sauke motar a tashar jiragen ruwa har ranar da muka shige ta babu wani ma'aikaci ko malami da ya ga ya dace ya faɗa masa. Ra'ayinmu shi ne ƙasar nan ta fara aikin sauya ma'auni kimanin shekara hamsin da suka wuce ta bar shi a rabi, kuma talakawan da ke shiga motocin haya su ne ke biyan kuɗin wannan sakaci da jikinsu. Ƙarasa aikin ba shi da tsada, kuma mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata muna da kaso mai yawa a cikinsa.

ABIN DA LISSAFI YA CE

Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. In ana son sauƙi sai a riƙe cewa mil 5 daidai suke da kilomita 8. Ƙa'idojin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ke aiki da su, watau hukumar da aka kafa a 1988, sun ba ƙaramar mota da bas ɗin haya kilomita 50 a awa a cikin gari, da kilomita 80 a babbar hanya irin ta Yawuri zuwa Kwantagora. A kan tagwayen hanya ƙaramar mota na da 100, motar haya na da 90. Tanka da tirela kuwa 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Idan aka juya waɗannan zuwa mil, kilomita 50 mil 31 ke nan, kilomita 80 mil 50, kilomita 100 kuma mil 62. Ashe ke nan direbanmu a kan 50 ya kamata ya tsayar da allurarsa. Da ya kai ta 80, gudun kilomita 129 yake yi a kan hanya mai hannu biyu, wadda shanu ke tsallakawa, 'yan kabu-kabu ke ɓullowa daga gonaki, yara kuma ke tallar albasa da kifi a bakinta.

Wani zai ce bambancin 80 da 129 ai bai kai ninki biyu ba. To, a nan ne ilmin kimiyyar da aka koya mana a sakandare ke da amfani. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana bin gudu ne idan an ninka shi da kansa. A ninka 1.609 da 1.609 za a sami kusan 2.6, watau tazarar da mota za ta ci bayan an taka birki ta ninka fiye da sau biyu da rabi. Mu ɗauka titi busasshe ne, taya lafiyayya, birki sabo, direba kuma ya ɗauki sakan ɗaya kacal tsakanin ganin saniya da kai ƙafarsa kan birki. Mai gudun kilomita 80 zai ci mita 22 a cikin wannan sakan, ya ƙara kamar mita 35 yana kan birki, ya tsaya a wajen mita 57. Mai gudun mil 80 zai ci mita 36 kafin ma ƙafarsa ta taɓa birki, ya ƙara kamar mita 91, ba zai tsaya ba sai a wajen mita 127. Abin tsoron ma shi ne, a daidai inda na farkon ya riga ya tsaya cak, na biyun yana nan yana gudun da ya haura kilomita 110. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. Sai mai karatu ya auna da kansa abin da ƙarin kashi 60 zai haifar.

DAGA ZANGO ZUWA MIL, DAGA MIL ZUWA KILOMITA

Kakanninmu ba su san mil ba, ba su san kilomita ba, amma ba su taɓa rasa ma'aunin tafiya ba. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, waɗanda da yawansu a ƙasar Yawuri suke ƙetare Kwara, da zango da kwana suke lissafin hanya. Madugu ya san zango nawa ne tsakanin wannan gari da wancan, jaki ma ya sani. Ma'auni ne da ya dace da jikin mai tafiya, kowa kuma ya fahimce shi.

Da Turawan Ingila suka zo sai suka kawo mil, mai yadi 1,760, suka kafa duwatsu a bakin hanya suna ƙidaya shi. Mil ya zauna daram a bakin Hausawa har ya zama sunan wurare. Ga Milgoma a kusa da Shika in an fita Zariya, ga Mil Tara a Kano a kan hanyar Katsina. Ita kanta kalmar maleji daga kalmar Turanci ta ƙidayar mil aka aro ta, shi ya sa har gobe in direba ya yi gudun fitar rai ake cewa ya ƙure maleji. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, da yake Faransa ce ta mulke su, kilomita suka gada, domin a Faransa aka ƙirƙiro mita a ƙarshen ƙarni na 18. Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta ratsa Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko ta kai Sakkwato, ita ce ta zarce Illela ta shiga Birnin Ƙonni. A da, mai motar da ya bi ta yakan sauya hannu ya kuma sauya ma'auni da zarar ya tsallaka iyaka.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi sauye-sauye uku a jere don raba mu da irin wannan ruɗani. Ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma na dama, kamar yadda ake yi a duk ƙasashen da ke kewaye da mu. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma. A 1974 kuma aka yi dokar awo da ma'auni wadda ta tsayar da mita da lita da kilo. Na farko da na biyu sun kammala, don kuwa babu yadda za a yi mutum ya ci gaba da tuƙi a hannun hagu shi kaɗai, ko ya ci kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa. An kuma yi ta shela a rediyo da jaridu da kasuwanni har kowa ya ji. Na ukun ne ya tsaya a takarda da allunan hanya. Har yanzu da yadi muke sayen atamfa, da eka muke faɗin girman gona, 'yan bumburutu kuma da galan suke sayar da mai, alhali galan ɗin Ingila lita 4.5 ne, na Amurka lita 3.8, robar da ke bakin titi kuwa galibi lita 4 take ci. A kasuwa wannan ruɗani ba ya wuce asarar 'yan kuɗi. A kan titi kuwa rai yake ci.

Da farko matsalar ba ta fito fili ba, domin motocin da suka cika hanyoyinmu a lokacin sababbi ne da aka yi don kasuwarmu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, malejinsu kuwa kilomita yake karantawa. Amma daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da mai motar haya, sai ƙasa ta koma ga tokumbo. Waɗanda suka fito daga Jamus da Beljiyam da Holan da kilomita suke zuwa. Waɗanda suka fito daga Amurka da mil suke zuwa. Na Ingila kuwa ga mil ga sitiyari a dama, kuma ko da yake dokokin hanya sun hana irinsu, akan kai su gareji a mayar da sitiyarin hagu, a bar malejin yadda yake. Mil ɗin da muka kora ta ƙofa a 1974 ya dawo mana ta taga, babu wanda ya tare shi.

Wasu ƙasashen ba haka suke yi ba. A Ingila, inda har yanzu allunan hanya da mil suke, doka ta wajabta maleji ya nuna mil. Wanda ya sayo mota daga Japan ko Jamus, ko da irin motocin nan ne masu ɗaki da gado da murhu a ciki waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, dole ya juya malejinta daga kilomita zuwa mil, har akwai masu sana'ar wannan aiki. Ƙasar Ayalan kuwa ta mayar da iyakar gudu daga mil zuwa kilomita a rana ɗaya, ran 20 ga Janairu 2005. Ko wace hanya ƙasa ta zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce: abin da allon bakin titi ya faɗa, shi ne abin da direba zai gani a gabansa. Masu ilmi ma ba su tsira daga ruɗanin ma'auni ba. A Yuli 1983 wani jirgin saman Kanada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai yana sararin sama, saboda an lissafa man da laba a maimakon kilo, aka zuba masa ƙasa da rabin abin da yake bukata. Gwanintar matuƙin ce ta sauke shi a garin Gimli ba tare da an rasa rai ba. Idan injiniyoyin jirgin sama za su faɗa wannan rami, ina laifin direban da bai wuce firamare ba?

YADDA MALEJI KE AIKI DA YADDA AKE JUYA SHI

Ya kamata mu san abin da ke bayan gilashin nan, domin masu cewa gyaran na da wuya galibi ba su taɓa buɗe shi ba. A tsofaffin motoci wata waya ce ke tasowa daga giyabos tana juyawa daidai da juyin taya. A ƙarshenta akwai maganaɗisu da ke juyawa a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyam. Juyin maganaɗisun na jan ƙoƙon, wani siririn sifirin kuma na riƙe shi, allura na manne a jikinsa. Gwargwadon saurin juyin, gwargwadon nisan da allura za ta karkata. Wannan dabara wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistarta a 1902. A motocin zamani babu wayar. Wata 'yar na'ura ce ke ƙidaya juyin tana aika saƙon lantarki zuwa kwamfutar mota, ita kuma ta motsa allura ko ta rubuta lamba.

Abin lura a nan shi ne allura ba ta san mil ba, ba ta san kilomita ba. Karkata kawai take yi. Lambobin da ke bayanta fenti ne. Saboda haka hanyoyin gyara huɗu ne, kowacce da daidai aljihunta. Ta farko, a motoci da yawa na zamani akwai zaɓi a cikin kwamfutar, ana latsa maɓalli lambobi su koma kilomita, ba a biyan ko kwabo. Ta biyu, a cire fuskar malejin a sa wata mai manyan lambobin kilomita, ko a manna bugaggiyar takarda a kanta, amma a kula a mayar da allura daidai mazauninta. Ta uku, a sa ɗan ƙaramin giya a jikin wayar, ko ɗan akwatin lantarki a motar zamani, wanda zai ninka juyin da 1.609. Wannan ita ce cikakkiyar hanya, domin tana gyara allura ta kuma gyara ƙidayar nisan da mota ta yi. Ta huɗu ita ce ta talaka: a sami jan fenti ko jan salatif a yi layi biyu a kan gilashi, ɗaya a kan 30 don cikin gari, ɗaya a kan 50 don babbar hanya, a ce wa direba kada allura ta wuce nan.

Bayan gyara sai gwaji. Duk mai agogo zai iya yi a inda aka san tazarar kilomita ɗaya. Motar da ta cinye kilomita a sakan 72 gudun 50 take yi, a sakan 45 gudun 80, a sakan 36 gudun 100. Motarmu ta ranar nan a sakan 28 take cinye shi. Wayoyin hannu na yanzu ma suna nuna gudu ta hanyar tauraron ɗan'adam, ana iya gwada su da abin da allura ta ce. A kuma tuna cewa masu motocin haya kan sa taya wadda ta fi ta asali girma don ɗaukar kaya da tsallake ramuka. Babbar taya na cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka in ta fi ta asali tsawo da kashi 5 cikin 100, maleji zai riƙa rage gaskiyar gudun da kusan wannan adadi.

ALJIHUN MA'AIKACI

'Yan'uwanmu da suka gama karatu suka kama aikin gwamnati, ku ma wannan magana ta shafe ku, ko da ba kwa gudu. Ranar da mutum ya tara albashi ko ya ci bashin ƙungiyar adashi ya je sayen motarsa ta farko, dillali zai nuna masa ƙidayar maleji ya ce, "Ranka ya daɗe, dubu ɗari da hamsin kawai ta yi." Idan mil ne, kilomita 241,000 ke nan, watau injin ya tsufa fiye da yadda mai saye ke zato da kusan kilomita 90,000. Wannan kuwa in ma ba a riga an mayar da ƙidayar baya ba. Bakanike zai ce a juye baƙin mai duk bayan kilomita 5,000. Mai motar ya zauna yana jiran lamba ta ƙaru da 5,000, bai san sai ya yi kilomita 8,000 da tsohon mai ba. Haka nan a ofis. Littafin da direban motar gwamnati ke rubuta tafiye-tafiyensa daga maleji yake kwafa, akawu kuma da kilomita yake lissafin mai da kuɗin tafiya. In motar ta Amurka ce ba a lura ba, ko dai a zargi direba mai gaskiya da shan mai, ko kuma lissafi ya rikice har marar gaskiya ya sami wurin fakewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MASU CEWA ƘARAMAR MAGANA CE

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za a ce a hanyoyin ƙasar Yawuri ramuka ne ke ƙayyade gudu, babu ruwansu da allo. Za a ce rabin motocin tasha malejinsu ya daɗe da mutuwa, direba da kunne da ƙarar inji yake auna gudu. Za a ce ai ƙananan lambobin kilomita suna nan ga mai son gani. Za a kuma ce jama'ar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar mai ba su da lokacin zancen lambobi.

Duk akwai gaskiya a ciki. Amma fa ramuka ba a ko'ina suke ba, kuma duk wanda ya saba bin waɗannan hanyoyi ya san da zarar direba ya fita daga ɓataccen wuri ya hau lafiyayyen kwalta sai ya ce zai rama lokacin da ya ɓata. A nan ne ake yin haɗarin da ba a fita. Ranar da aka gyara hanyoyin nan, kamar yadda muke ta roƙo, gudun zai ƙaru ne, saboda haka gara a shirya tun yanzu. Mataccen maleji kuwa ƙarin hujja ce a gare mu, don yana nuna masu duba lafiyar motoci ba sa kallon wurin ko kaɗan. Ƙananan lambobin kuma an yi su ne don Ba'amurken da zai leƙa Kanada kwana biyu ya koma gida. Ba wanda zai karanta su da dare yana tuƙi, balle wanda ba a taɓa gaya masa ma'anarsu ba. A 2017 hukuma ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Abu ne mai kyau, amma direban da bai fahimci dalilin da ya sa motarsa ke maƙalewa tun allura ba ta kai 60 ba, zai ɗauka na'urar ce ta lalace, ya je gareji a cire ta.

Mu 'yan bakin tafkin Kainji mun fi kowa sanin abin da rashin ma'auni ke yi. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya ci tsofaffin garuruwa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, rayuwarmu ta rataya a kan jirgin ruwa da motar kasuwa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, hukumomi kuma suka ce lodi ne ya yi masa yawa. Tun 1876 dokar Ingila ta wajabta a zana layi a jikin jirgin ruwa, wanda in ruwa ya rufe shi an san kaya sun wuce kima. Layi ne na fenti, wanda fasinjan da bai yi boko ba zai iya gani ya ce a sauke shi. Irin wannan layi muke nema a kan maleji. Amfanin ma'auni shi ne ya ba mai rauni bakin magana. Da dattijon nan na kujerar gaba ya ga jan layi a kan 50, allura kuma ta wuce shi da nisa, da ba a rufe masa baki da "tamanin take" ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, muna kira ga hukumomin da ke rajistar motoci da kada su ba motar da ta shigo ƙasar nan lamba sai malejinta na nuna kilomita da manyan lambobi. Mai shigo da mota ya ɗauki nauyin gyaran, tun da shi ne ya ci ribar. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Na biyu, jami'an duba lafiyar motoci su sa maleji a sahun birki da fitila da taya. Motar haya mai mataccen maleji kada a ba ta takardar shaidar lafiya.

Na uku, a sa tambayar mil da kilomita a cikin jarrabawar lasin, a kuma yi ta da Hausa ga wanda Hausa yake ji. Gidajen rediyon Birnin Kebbi da Sakkwato da Kaduna su ba da minti biyu a shirye-shiryen direbobi, kamar yadda aka yi shela a 1972. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Yawuri da Warra da Koko sun fi kowane jami'i iko a kan motar da za ta yi lodi, in suka karɓi maganar ta zauna.

Na huɗu namu ne. Sau nawa muka yi taro a harabar nan muna ƙorafin ilminmu ba ya isa ƙauye? To, ga wurin farawa. Muna ba ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga shawara su keɓe ranar kasuwa ɗaya a hutu mai zuwa, su nemi izinin shugaban tasha cikin ladabi, su duba motocin da ke kan layi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke da zaɓi a kwamfuta a juya mata. Wadda ba ta da shi a yi mata jan layi a kan 30 da 50. Ɗaliban injiniya su zauna da masu wayarin na gari su nuna musu yadda ake sauya fuskar maleji, su ma su koyi abin da ba ya cikin littafi. A kiyaye harshe, domin direban da ya yi shekara ashirin a hanya ba zai saurari yaron da ya zo yi masa gori ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyar, ƙananan ma'aikata su fara da motocin ofisoshinsu da nasu na kansu. Kafin ka sa hannu a littafin direba, ko ka biya dillali, ka sunkuya ka duba haruffan da ke ƙarƙashin allura.

Mun yi wa kanmu alkawari, mu huɗun nan, cewa in hutu ya zo za mu koma tashar Yawuri da salatif da agogo mu nemi direban nan. Ba za mu yi musu da shi a kan tamanin ba. Za mu roƙe shi ya ɗauke mu kilomita ɗaya, shi da kansa ya riƙe agogon ya ƙidaya sakan. Muna kyautata zaton mutumin da ya riga ya yi niyyar bin doka ba zai ƙi gaskiya ba in ya gan ta da idonsa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.